Amsa ga mai Corolla da fitilun dashbod ke kawowa suna ɗaukewa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce motarka Corolla ce ƙirar 2008, tokunbo, kullum kana hanya da ita tsakanin Agege da Apapa. Fitilar cek injin takan kawo, bayan kwana biyu ta ɗauke da kanta. Wani lokaci ta batir da ta ABS (na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki) su kawo tare, galibi in an yi ruwa ko ka faɗa rami. Sau ɗaya kuma ka ga ta baƙin mai tana ƙyaftawa a cikin gosulo. An canza fulogi, an canza sensar salansa, an goge lambar laifin da kwamfuta har sau biyu, amma abin yana nan.

Bari in fara da wadda ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, domin ita ce mai iya kashe maka inji. Jar fitilar nan mai kamar butar shayi ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tura shi take dubawa. Suwicinta ba ya kunna ta sai ƙarfin ya faɗo ƙasa sosai. Ke nan duk sanda ka ga ta kawo, man da ke isa ga metal, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, ya kusa yankewa. Dalilin da ya sa take fitowa a gosulo shi ne, ka yi awa ɗaya a tsaye a titin Oshodi zuwa Apapa da AC a kunne, inji ya ɗau zafi, mai ya tsinke kamar ruwa, famfon mai kuma yana juyawa a hankali saboda mota na silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba. In ka taka totur sai ta ɗauke, sai mutum ya ɗauka ta warke.

Ka ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka kashe, ka jira minti biyar, ka zaro sandar auna mai, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. In yana ƙasa da ɗigon ƙasa, ka cika da irin man da aka rubuta a murfi ko a littafin motar. In mai a cike yake, to kada wani ya yi maka canki. A kwance suwicin, a ɗaura gejin mai na hannu a raminsa, a auna bayan inji ya yi zafi sosai, ba da sanyin safiya ba. Injin 1ZZ da ke cikin motarka ana son ya ba da aƙalla psi 4 a silo (psi shi ne ma'aunin ƙarfin tura mai), ya haura psi 40 in an kai shi juyi 3,000 a minti. In ya ba da haka, suwicin ne ya gaji, kuma sau da yawa za ka tarar da mai ya tsatso cikin soket ɗinsa. Ba shi da tsada. In bai ba da ba, a sauke botom filet, wato kaskon mai na ƙasan inji, a duba rariyar da ke tsotso mai, don daskararren baƙin datti yakan toshe ta, musamman motar da ake jinkirta mata sabis ko aka taɓa zuba mata jabun mai. Bayan rariya sai famfo, bayan famfo sai metal. Masu cewa a zuba mai kauri fitilar ta ɗauke, rufe ciwon kawai suke yi. Har a yi wannan awon, in ta sake kawowa, ka gangara gefe ka kashe nan take, ko da a tsakiyar gadar Third Mainland ne.

Yanzu ga ta batir da ta ABS. A nan ne nake ganin bakin zaren yake. Caji da birki ba aikinsu ɗaya ba, ba sensa ɗaya suke amfani da ita ba. Abin da ya haɗa su wuta ce da wayar at, wato wayar da ke haɗa nagetif ɗin batir da bodi da inji. In fitilu biyu ko uku da ba su da alaƙa suka kawo a lokaci ɗaya kuma suka ɗauke a lokaci ɗaya, da wuya a ce kayayyaki uku ne suka lalace rana guda. Wutar da ke ciyar da su ce take yin ƙasa. Kwamfutar ABS in ta ga wuta ta sauko wajen 10V sai ta janye kanta daga aiki ta kunna fitila, in wuta ta dawo ta koma.

Wannan da mitar auna wuta ake kama shi, kuma duk mai wayarin na kirki yana da ita. Da safe kafin a tayar da mota a ɗora mita a kan batir. Lafiyayyen batir mai cikakken caji zai nuna 12.6V. In ka ga 12.2V, rabin caji ke gare shi. A bar mitar a kai a buga kik: kada ya faɗo ƙasa da 9.6V. In mota ta tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.5V da 14.7V. Sai a kunna AC, a kunna manyan fitilu, a sa fanka a ƙarshe, a bar ta a silo minti goma. In lambar tana gangarowa zuwa 12 da ɗoriya, altaneta ba ta riƙe nauyi. A juya mitar zuwa ɓangaren da ke auna wuta mai kai-komo, a sake ɗorawa a batir mota na aiki. In ta nuna fiye da 0.5V, dayod ya mutu a cikin altaneta, kuma irin wannan dattin wuta yana rikita kwamfutocin mota su riƙa kunna fitilu barkatai.

Awon da yawancin mutane ke tsallakewa shi ne na asarar wuta a waya. Mota na aiki, kaya a kunne, a sa baki ɗaya na mita a kan sandar batir ta nagetif, ita kanta dalmar ba kilif ba, ɗayan bakin a jikin inji inda ƙarfe yake fili. Bai kamata ya wuce 0.2V ba. A yi haka tsakanin batir da bodi. Sannan a yi tsakanin babban noti na bayan altaneta da sandar fozitif, kada ya wuce 0.5V. In ya wuce, akwai tsatsa ko sako-sako a hanya. Legas gari ne na laima da iskar gishiri, kan batir yana yin farin gari ko kore-kore da wuri. Kama kilif ɗin da hannu ka murɗa. In ya juya, ka riga ka samu laifi ɗaya. Wanda aka cusa masa ƙusa ko guntun waya don ya kama, a cire a sa sabo. A kwance wayar at daga bodi da inji, a kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam, a shafa giris a sama. Akwai wayar da za ka gani garau daga waje, amma in ka yanka robar kusa da kilif sai ka ga tagullar ta zama kore tana marmashewa.

Batun ruwan sama kuwa yana nuna fanbel. Motarka bel ɗaya ne ke juya altaneta da AC da famfon ruwa, da tenshona mai danne shi. In bel ya yi santsi ko tenshona ta saki, da ka shiga ruwa a Oshodi ko Mile 2 sai ya zame na ɗan lokaci, caji ya yanke, fitilar batir ta kawo, wani lokaci da ɗan ƙara kamar kukan ɓera. Leƙa ƙarƙashin motar ka ga ko robar da ke tare ruwa tana nan, don da yawa an cire ta wajen gyara ba a mayar ba. Shi kuma rami yana nuna abin da ke motsi: kilif, soket ɗin altaneta, ko burushin cikinta da ya cinye har ba ya danne wurin zamansa sosai. Burushi ana canza shi shi kaɗai, ba sai an sayi altaneta sukutum ba. A bar mota na aiki, mutum ɗaya yana kallon dashbod da mita, ɗayan yana girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa akwatin fiyus da bayan sukundireba. Inda fitila ta ƙyafta, nan ne.

Gogewar nan da aka yi sau biyu ita ta fi ba ni takaici, domin shaidar da za a kama laifin da ita aka zubar. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Sanda cek injin ta kawo, birenbos, wato kwamfutar inji, yana ajiye lambar laifin, kuma yana ajiye yanayin da inji yake ciki a daidai wannan lokacin: juyinsa, zafinsa, gudun mota, nauyin da yake ja. In ka yi tafiya uku a jere laifin bai dawo ba, fitilar takan ɗauke da kanta, shi ya sa kake ganin ta tafi bayan kwana biyu. Amma lambar tana nan a ajiye sai inji ya yi sanyi ya yi zafi kamar sau 40. Saboda haka ko fitila ta ɗauke, je a karanta. Kada a cire kan batir kafin nan, yana share ta. Ka ɗauki hoton allon da wayarka, lambobin da wancan bayanin yanayi duka, kafin kowa ya taɓa maɓallin gogewa. Ka kuma tambaya ko na'urar tana shiga ABS, don ƙananan nan masu haɗawa da waya inji kawai akasarinsu ke karantawa. In aka shiga ABS aka ga C1241, ƙarancin wuta ne, ya gaskata abin da na faɗa a sama. In C0200, C0205, C0210 ko C0215 ne, sensar ɗaya daga cikin tayoyi huɗu ce, sai a bi wayarta inda take lanƙwasa in an juya sitiyari, a duba ko boris na ƙafar yana da wasa.

Lambar laifi ba sunan kayan da za ka saya ba ce, hanya kawai take nunawa. Ina kyautata zaton P0171 aka gani shi ya sa aka canza sensar salansa, alhali ita labari kawai ta kai cewa iska ta fi mai yawa. A wannan injin, abin da ya fi jawo ta shi ne gasket ɗin manifol na shigar iska, wanda ke zuba in inji yana da sanyi ya toshe in ya yi zafi, ka ga dalilin zuwa da tafiya. Sai dattin sensar iska da ke bayan eyakilina, wadda ake fesa wa maganin wanke ta ba tare da an taɓa siririyar wayar ciki ba. A kwamfuta a kalli ƙarin man da birenbos ke yi: in ya wuce kashi 10 cikin 100 a silo amma ya sauko in an kai juyi 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. In kuma ƙaruwa yake yi da totur, a auna famfon fetur. In P0301 zuwa P0304 ne, silinda ɗaya ce ke tsallake wuta. A musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta, in lambar ta bi kwayil an gano shi ba tare da an sayi komai ba. A leƙa ramin fulogi ko akwai mai ko ruwa, musamman in kana bari a wanke inji da injin feshi. P0420 yawanci indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ce ta mutu ko an fasa an kwashe ta. P0128 kuma tamostat ne ya maƙale a buɗe ko aka cire shi, al'adar da ba ta amfanar inji da komai sai ƙara shan mai. In cek injin ƙyaftawa take yi ba tsayawa ba, ka sassauta ka tsaya, ɗanyen fetur ne ke tafiya salansa yana ƙone indomi.

Birenbos shi ne na ƙarshe da za a zarga, duk da shi aka fi saurin kira. Amma akwai abin da ya shafi motarka: a 2010 Toyota ta nemi a dawo mata, domin gyara, da Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda tsagewa a allon birenbos. In ka ga P0606 ko P0607 bayan wuta da at sun fita lafiya, kuma mota tana mutuwa haka kawai ko giya na bugawa, sai a duba shi. Yana bayan akwatin da ke gaban fasinja. A taɓa kafet ɗin wurin ma a ji ko yana da laima, don ambaliyar Yuni da Yuli tana barin ruwa a ƙarƙashinsa har makonni, soket su yi kore.

Gobe da safe murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ƙirga fitilun. Ta mai, ta batir, cek injin, ABS, birki da eyabag duk su kawo. Wadda ba ta kawo ba, ƙwanta ya mutu ko an cire shi ko an rufe ta da tef kafin a sayar maka. In ta eyabag ta fara wasa, kada a sa mita a soket mai ruwan ɗorawa. A cire batir a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa shi.

Kada ka taka kasuwar kayan mota ta Ladipo ko ta Owode Onirin tukuna. Mako ɗaya ka riƙa rubuta duk sanda fitila ta kawo: wacce ce, inji da sanyi ko da zafi, AC a kunne ko a kashe, ana ruwa ko babu, a tsaye ko a guje. In kana tsaye a gosulo ka ɗauki bidiyon dashbod. Sayi ƙaramar mitar nan da ake sokawa a ramin cajin waya, ka riƙa kallon lambarta daidai lokacin da ta batir da ABS suka kawo. Ka turo mana lambobin laifin da awon batir huɗun nan, na hutu, na kik, na silo da na kaya a kunne, tare da abin da gejin mai ya nuna da zafi, sai mu gaya maka wanda za a fara kwancewa. Allah ya sawwaƙe, ya tsare hanya.