Birkila ya ce babu girgizar ƙasa a Najeriya, in rage rodi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina gina bene hawa biyu a Rigasa. Matata 'yar Jaba ce, tun girgizar ƙasar da aka yi a Kwoi ba ta daina tsoro ba. Birkilana kuwa ya ce Najeriya ba a girgizar ƙasa, in rage rodi in huta. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bi uwargida.

Gaskiya ne muna nesa da bakin faifan da nahiyar Afirka ke zaune a kai, wato babban ɓangaren ɓawon ƙasa, wanda a bakinsa ne aka fi samun girgiza. Inda ƙasa ke yagewa a fili shi ne gabashin Afirka, ta Habasha da Kenya. Amma dutsen da ke ƙarƙashin Kaduna tsohon dutse ne mai tsofaffin tsage-tsage, kamar wadda ta taso daga Ifewara zuwa Zungeru, da ta Kalangai a yankin Birnin Gwari. Matsin da ke tasowa daga tsakiyar Tekun Atlantika yana taruwa a kansu a hankali, wani lokaci sai su ɗan zame. Haka Kwoi ta motsa a Satumban 2016, wajen maki 3 a ma'aunin girgizar ƙasa, bangaye suka tsage, mutane suka kwana a waje. Mpape ta Abuja ta biyo baya a Satumban 2018.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai. Wannan magana ta "Allah ya tsare mu, babu ita a nan", kullum sai na ji ta, a bakin birkila, a bakin ɗan kwangila, har a bakin wanda ya yi karatu. Wa ya ba su wannan tabbaci? Akra ta Ghana ba a bakin faifai take ba, amma a 1939 girgiza ta rushe gidaje ta kashe mutane. Ƙasar Gini ma haka, a Disambar 1983 ɗaruruwa suka mutu a arewacin ƙasar, wurin da ake ganin lafiya lau yake. Na'urorin auna girgiza da cibiyar bincike ta Toro a jihar Bauchi ke kula da su ba su daɗe ba, alhali irin waɗannan tsage-tsage kan yi shekaru ɗaruruwa suna tara ƙarfi. Shirun da muka gani a rayuwarmu bai isa hujja ba. Ka kuma sani, ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfi ya ninka kusan sau 32.

Mai cewa a rage rodi kuwa, aljihunka yake lallashi, ba shi zai kwana a gidan ba. Muna ganin benaye suna zubewa a ƙasar nan babu ko motsi. Ginin da ba ya iya ɗaukar nauyin kansa, ina zai jure jijjiga? Tawakkali bai taɓa hana ɗaure raƙumi ba, kuma ran iyalinka amana ce da za a tambaye ka.

Nemi injiniya mai rajista ya duba ƙasar, musamman idan fadama ce ko cikon bola, domin ƙasa mai laushi tana ƙara jijjiga. A ɗaure ginshiƙai da dakali da rodi yadda zane ya nuna, a zagaye ginin da linta, kada a shayar da kankare ruwa don a ji sauƙin zubawa. Ranar zuba dekin ka tsaya da kanka a wurin, ka ƙirga buhunan siminti.