Amsa: Idon kyanwata ya sake yin ja da kwantsa

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Kin ce idon yakan warke sannan ya dawo, musamman da hunturu. Haka tawa ta yi mini a nan Nima. Likitan dabbobi ya ce yawanci ƙwayar cutar hapis ta kyanwoyi ce, tana kwanciya a jiki har abada, ta tashi idan kyanwa ta takura ko ƙura ta yi yawa.

Ki tafasa ruwa, ya huce, ki tsoma auduga ki goge kwantsar a hankali daga gefen hanci zuwa waje. Kowane ido da audugarsa. Ni nakan naɗe ta da tawul a cinyata tukuna, in ba haka ba sai yakushi. Ki nisanta ta da hayaƙin maganin sauro da turaren wuta.

Don Allah kada ki ɗiga mata maganin idon mutane, wasu na ɗauke da sinadarin rage kumburi da ake kira sitiroyid, in akwai gyambo a idon sai ya ƙara lalacewa. Farasitamol kuwa guba ne ga kyanwa, yana kashe ta.

In ta runtse idon, ko ya yi fari-fari, ko ta daina cin abinci, ki kai ta wurin likita a ranar.