Mahaifiyata na da ciwon hanta nau'in C, kuma tana shan jiƙon ciwon gwiwa

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa da na yatsu. Wani jiƙo take sha da ake sayarwa a kasuwa, ta ce yana mata aiki. Yanzu an gwada jininta an ce akwai ciwon hanta nau'in C. Hankalina ya tashi. Ta ci gaba da sha? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, wannan ciwo yana warkewa. Tun daga 2013 da aka amince da maganin sofosbuvir a Amurka lamarin ya sauya: idan aka haɗa shi da wani maganin mai suna daclatasvir, ana sha kullum na mako 12, fiye da kashi 95 cikin ɗari suna rabuwa da ƙwayar cutar. Sai dai gwajin farko yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita ne kawai, wasu kuma jikinsu ke kawar da ita da kansa. A yi gwajin da ke auna ƙwayar cutar a jini kafin a sayi magani.

Jiƙon kuwa a ajiye shi, amma da sharaɗin da zan faɗa a ƙasa. Kullum sai an ce mini, "Ai itace ne likita, in bai yi magani ba, ba zai yi illa ba." Wa ya faɗa? Galibin abin da aka haɗiya hanta ce ke sarrafa shi, ita kuwa ta Hajiya tana fama da nata. Ko kurkum da ake ta yabo kan ciwon gaɓoɓi, an samu waɗanda ƙwayoyinsa suka kumbura musu hanta, musamman wanda aka haɗa da masoro. Wanda ake zubawa a miya ba shi nake nufi ba. Akwai wani tsiro na Turai da aka daɗe ana tallarsa da sunan wankin hanta, silimarin ake cirowa daga cikinsa. An gwada shi kan masu wannan ciwo a Amurka, sakamakon ya fito a 2012, bai rage komai ba. Wannan fa wanda aka auna ke nan. Ina ga wanda aka ɗura a tsohuwar gorar ruwa, ba suna, ba ma'auni, mai lasifika a bayan mota yana rantsuwa yana maganin basir da sanyi da hanta a lokaci guda?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jiƙon da ke ɗauke ciwon gwiwa a dare ɗaya. Wasu marasa tsoron Allah suna daka ƙwayoyin asibiti masu rage kumburi da zafi, deksametazon ko diklofenak, su zuba a ciki. Sai ki ga tsohuwa fuska ta yi fam, 'yan gida suna murna wai ta yi ƙiba, alhali suga ya hau. Idan ta daɗe tana shan irinsa, ko fuskar ta cika haka, kada a tsayar da shi farat ɗaya sai likita ya duba ta.

Ita kanta cutar tana jawo ciwon gaɓoɓi, wasu sukan samu sauƙi bayan an kashe ƙwayar cutar. Kaho da sakiya a gwiwa kuma a bar su, ta aska ɗaya jinin wani ke shiga jikin wani.

Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe wajen likitan hanta, ku tafi da gorar da duk ƙwayoyin da take sha.