Me ya sa zuwa New York daga Landan ya fi dawowa daɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan kai wa ɗana ziyara a New York, daga Landan zan tashi. A tikiti na ga zuwa awa 8 ne, dawowa kuma awa 7. Nisan ne ke canzawa, ko kuskure aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baba, ka kwantar da hankalinka, tikitin daidai yake. Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na JFK a New York kusan kilomita 5,550 ne, ko ta ina ka auna. Iska ce ke kawo bambancin.

Can sama inda jiragen fasinja ke bi, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara kamar kogi daga yamma zuwa gabas a kan tekun Atilantika. Lokacin hunturu gudunta kan wuce kilomita 200 a awa ɗaya. Shi kuwa jirgi gudunsa kusan 900 ne. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale ya san abin: in kana bin ruwa, sai ka ga bakin gaɓa na wucewa da sauri; in ka juya kana hawa, ƙarfi ɗaya kake sawa amma tafiya ba ta ci. To, mai zuwa New York gaba yake yi da iskar, har matuƙa kan kauce mata ko da hanya za ta ƙara tsawo. Mai komawa Landan kuwa neman ta ake yi a shiga, ta tura jirgin daga baya. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56 kacal.

Na sha jin ana cewa ai duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgi. Wannan ba haka ba ne, domin da jirgin da iskar da yake ciki duk tare suke juyawa da duniya.

Abin da na fi so ka kula da shi shi ne agogo, don nan ne mutane ke ruɗewa. Landan na gaban New York da awa 5, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne. Idan ka tashi ƙarfe 11 na safe, za ka sauka ƙarfe 2 na rana agogon can, alhali jikinka ƙarfe 7 na yamma ya sani. A wasu makonni na Maris da ƙarshen Oktoba tazarar kan koma awa 4, saboda ƙasashen biyu ba rana ɗaya suke sauya agogo ba. Don haka ka tura wa ɗanka hoton tikitin da lambar jirgin, ya duba da kansa kafin ya fito tarbarka. Allah ya kai ka lafiya.