Amsa ga ɗan'uwanmu na Ringim kan ma'ajiyar bidiyon kyamarori

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da kake shirin shiga shi ya taɓa hana ni barci. Ka ce kana da kyamarorin tsaro wajen 20 a shaguna da gidajen mai da sito-sito a yankin Ringim, kana so ka riƙa tura bidiyonsu ma'ajiyar intanet, kana neman kamfani mai araha wanda zai iya ɗaukarka idan kwastomomi sun ƙaru. Ni a ɓangaren Gumel da Maigatari nake wannan sana'a, yawancin masu ba ni aiki 'yan riɗi da zoɓo ne.

Kafin a zo maganar kamfani, ɗauki biro. Kyamara ɗaya mai 2MP (ma'aunin tsabtar hoto), idan ka bar ta a kan 2 Mbps (saurin cin data) dare da rana, tana cin giga 21 da ɗoriya a kwana guda, kusan giga 650 ke nan a wata. Guda 20 sun ba ka tera 13, wato giga dubu 13. Wane layin waya ne zai ɗauke maka wannan kaya a ƙauye? Mu nan ranar Alhamis da kasuwar Maigatari ta cika, ko hoto a WhatsApp da ƙyar yake tafiya. Don haka naɗin gaba ɗaya ka bar shi a kan NVR, wato na'urar da ke naɗe bidiyon kyamarori, a wurin kwastoma, ka mayar da shi H.265, tsarin matse bidiyo, zai rage maka kusan rabi. Abin da za ka tura sama, wato ma'ajiyar intanet, shi ne guntayen bidiyon da kyamara ta ga motsi, sai ƙaramin layin bidiyon nan mara nauyi don kallo a waya.

Amma don Allah, don Annabi, akawun ɗin kamfanin ma'ajiyar ka buɗe shi da hannunka, da imel ɗinka da lambar wayarka.

Wani yaro ne a cikin Kano, ɗan boko mai zaƙin baki, abokin sana'a ya haɗa mu. Ya ce yana da katin dala, shi zai buɗe ya riƙa biya, ni in riƙa tura masa naira duk ƙarshen wata. Ban taɓa saɓa masa ba, rasit-rasit ɗin suna nan a wayata har yau. Ashe bawan Allahn nan ya daɗe da daina biya, kuɗina yake cinyewa. Kamfanin suna ta aiko da gargaɗi, amma imel ɗinsa yake shiga. Suka rufe akawun, daga baya suka goge komai. Ni ina nan ina bugun ƙirji a gaban kwastomomi cewa ko an sace na'ura bidiyo yana sama.

Sai aka fasa siton wani Alhaji da daddare, lokacin kakar riɗi. Ɓarayin sun san abin da suke yi, NVR suka fara tsinkewa suka tafi da shi. Bayan sallar asuba ya kira ni. Na isa na tarar da riɗi a warwatse tun daga bakin ƙofa har inda mota ta tsaya, wayoyi suna reto a jikin bango, masu gadi biyu a tsugune an kewaye su. Kowa ya zuba mini ido. Na ciro waya na shiga, abin ya yi ta juyawa, can sai ga rubutu wai an dakatar da wannan akawun. Na kira yaron, a kashe. Na sake kira, a kashe. Alhaji bai zage ni ba, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, ashe kuɗin da nake ba ka na adon bango ne?" Abin da ya fi ci mini rai masu gadin nan ne. An tafi da su, kuma bidiyon da zai wanke su ko ya tona su babu shi. Ɗaya daga cikinsu dattijo ne, na san 'ya'yansa. Da na samu yaron daga baya, ko kunya babu, wai dala ce ta tashi. To dala ta tashi sai ka yi shiru? Har gidansu na je, mahaifinsa ya ba ni haƙuri, na bar shi da Allah. Kwastomomin da suka gudu saboda labarin ba su dawo ba.

To, kamfanoni. Manyan, irin AWS da Google Cloud da Azure, ba su da matsalar girma, ko kyamara dubu ka kawo za su ɗauka. Amma ajiya a S3, ma'ajiyar AWS, wajen dala 23 ce kowace tera a wata, kuma akwai kuɗin fitarwa, wato na saukewa ko kallo, kusan santi 9 kowace giga bayan giga 100 na farko. Kamar ka zuba hatsinka a rumbun wani ne, zubawa kyauta, amma ban da kuɗin ajiya duk kwanon da ka ɗiba sai ka biya. Mu kuwa kwastomominmu kallo suke so, Alhaji yana Saudiyya yana leƙa shagonsa sau goma a rana. Backblaze B2, lokacin da na duba, wajen dala 6 ce kowace tera, kuma suna barinka ka sauke har ninki uku na abin da ka ajiye kyauta. Cloudflare R2 ya ɗan fi tsada, dala 15, amma babu kuɗin fitarwa sam. Wasabi ma da araha, sai dai ka kula: duk abin da ka ɗora sai ka biya kuɗin kwana 90 ko da ka goge shi bayan mako biyu, mu kuma goge-goge ne aikinmu. Ni yanzu ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke zaune a intanet, nake haya a kamfanin Hetzner na Jamus don kallon kai tsaye, guntayen bidiyon kuma suna B2, na saita su goge kansu bayan kwana 30. Kwastoma ya ƙaru, ajiya ta ƙaru da kanta, saba kuma in ɗaga ta mataki ɗaya. Farashi yana canzawa, ka duba shafinsu da idonka.

Kuma kar ka yanka wa kwastoma farashin shekara. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ka rubuta a takarda cewa duk wata uku za a sake zama.

Wani abu da ya faɗo mini: gizo-gizo. Da daddare ƙwari suna taruwa a jan hasken kyamara, gizo ya yi saƙa, iska ta kaɗa, na'ura ta ɗauka motsi ne ta yi ta turawa har data ta ƙare kafin gari ya waye. Awaki ma haka. Ka sayi kyamarar da ke gane mutum da mota daga sauran motsi, ka sa yaro ya riƙa share gilashin, musamman lokacin hunturu da ƙura. Da damina kuma tsawa ba ta da sabo, ka binne ƙarfen as, mai kai wutar tsawa cikin ƙasa, da kyau. Sola da batir dole ne, rauta, na'urar da ke raba intanet, da NVR su zauna a kai. NVR ɗin ka ɓoye shi a cikin silin ko wani ɗaki daban, wasu ma tsohon NVR da ya lalace suke ajiyewa a fili don yaudarar ɓarayi.

Don shiga kyamarorin daga nesa, layukan waya ba sa ba ka IP, wato adireshin intanet, naka kai kaɗai, Starlink na gida ma haka, don haka kar ka ɓata lokaci wajen buɗe ƙofa a rauta, ba zai yi ba. Manhajar WireGuard ko Tailscale, masu haɗa na'urori ta keɓaɓɓiyar hanya, za ka sa su haɗa wurin da sabarka. Kalmar sirri kuwa kowane kwastoma tasa daban. Fuskokin mutane kake ajiyewa, har da matan aure masu zuwa sayayya, kuma akwai dokar kare bayanai ta 2023, ka liƙa sanarwa a ƙofa cewa akwai kyamara.

Ka fara da wuri biyu ko uku tukuna, ka ga lissafin wata ɗaya kafin ka kwaso sauran. Duk ranar Juma'a ka shiga da kanka ka sauke bidiyo ɗaya ka tabbatar yana buɗewa. Ka faɗo mana NVR ɗinka na kamfanin Hikvision ne ko Dahua, da layin da ya fi ja a wajenku, in turo maka yadda na saita nawa. Allah Ya sa albarka a nema.