Sienna ta fara zame giya, mai ita kuma ba ya rubuta komai

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, kuma ina da Sienna 2005 da ƙanin matata ke jigilar fasinja da ita daga Tashar Kawo zuwa Zariya. Ta haura kilomita 300,000. Yanzu in an taka totur sai injin ya yi ta ƙara amma motar ba ta ja, musamman in ta yi zafi. Wani bakanike ya ce a zuba maganin giya na kwalba, wani ya ce a sa Beljiyam, wato tsohuwar giya da aka shigo da ita daga waje. Ni kuma so nake in lallaɓa ta, in ci bashi in ƙara ta biyu.

Amsa: Alhaji, ajiye zancen mota ta biyu tukuna. Yaushe aka canza man giyar nan, kuma wane iri aka zuba? Ba ka faɗa ba, don ba ka sani ba. Ka miƙa wa yaro makulli saboda ɗan gida ne, kana karɓar balas da yamma, kunya ta hana ka tambayarsa rasit. Direban da balas kawai ake nema a wurinsa zai cika lodi, ya zuba man da ya fi araha, ya yi shiru har giya ta ƙone. Haka masu motoci da yawa ke wayar gari da mota a kan duwatsu a gareji, ga rigimar gida.

A daina lodi da ita daga yau, domin duk zamewa ɗaya cin faifan kuloci take yi. A ɗumama motar, a tsayar da ita a wuri mai daidai, injin na aiki, giya na kan P, sannan a zaro sandar awon man giya. In man ya yi ƙasa, akwai yoyo, a nemo shi. In ja ne ko ruwan ƙasa, da sauran fata. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, faifan sun tafi. In ya yi kama da madara, ruwan lagireto ne ya shiga ciki. A sa kwamfuta ta duba, don wani lokacin solinoyid ɗaya ne ya mutu, wato ɗan bawul ɗin lantarki da ke buɗe hanyar mai a cikin giya.

Idan man bai ƙone ba, a kwance kwanon ƙasan giyar, a canza filta da gasket. Laushin baƙin ƙura a jikin maganaɗisun da ke cikin kwanon ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mugun labari ne. A zuba Toyota T-IV, wanda aka rubuta a kan sandar, gwargwadon abin da ya fita, wajen lita uku da rabi. A maimaita canjin man bayan kilomita 1,000. Kada ka yarda a wanke giyar da injin matsa mai, yana iya tura dattin shekaru cikin ƙananan hanyoyin mai. Maganin kwalba kuwa ba ya mayar da faifan da ya cinye.

Idan man ya ƙone, sai Beljiyam. Ka je kasuwar Panteka da ƙafarka tare da bakaniken da ba shi da kamasho a shagon. Lambar giyar ta dace da taka, U151E ce in motar mai jan gaba ce. A rubuta maka kwanakin gwaji a takarda, a kuma wanke bututun sanyaya mai kafin a ɗaura, in ba haka ba dattin tsohuwar zai kashe sabuwar. In kuɗin aikin ya doshi rabin darajar motar, sayar da ita yadda take, ka faɗa wa mai saye gaskiya. Kada ka taɓa jarin atamfa.

In ta koma hanya, sayi littafi: kwanan wata, kilomita, irin mai, rasit. A canza man giya duk kilomita 40,000, kuma a ware naira 15 cikin kowace 100 ta balas a asusun gyara. In ƙanin matarka ya ga rubutun nan raini ne, karɓi makullinka.