Abin da ya sa ruwan lambatu yake ɗumi bayan ruwan farko

Ɗana, jiya da ka tsoma hannu a lambatun da muke ginawa, ka tambaye ni dalilin da ya sa ruwan yake da ɗumi alhali da sanyinsa ya sauko daga sama, da kuma ko ginin namu yana da hannu a ciki. Yana da hannu ƙwarai.

A watannin Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, kwalta kuwa saboda baƙinta takan fi iska zafi nesa ba kusa ba. Idan ruwan farkon damina ya sauka da la'asar a kan titi da kwanon rufi da daɓen siminti waɗanda suka wuni suna shan rana, sai ya kwashe zafinsu ya gangara da shi, kuma wanda ya fara gangarowa shi ya fi zafi, kafin titin ya huce.

Daga nan sai irin magudanar da muka yi masa. Buɗaɗɗen lambatu na kankare shi ma ya sha ranar, saboda haka ƙara wa ruwan ɗumi yake yi. Kwalbati ko bututun da aka binne yakan rage, domin cikin ƙasa ya fi samanta sanyi. Kududdufi yana tare ambaliya, shi ya sa nake takaicin yadda ake cike na cikin birni ana gini a kai, amma ruwan da ya kwanta a faffaɗan wuri marar zurfi rana dafa shi take yi. A ganina babu kamar a bar ruwa ya nutse ta cikin tsakuwa da yashi, inda ƙasa za ta shanye zafin a hankali.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. Ruwan unguwanni da yawa kogunan Jakara da Getsi yake bi har madatsar Wasai, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi yake shaƙa sosai: lita ɗaya takan riƙe kusan miligiram 9 a digiri 20, amma kusan 7.5 a digiri 30. Ƙazanta ma ta fi saurin ruɓewa a cikinsa, wari ya tashi.

Saboda haka gobe kada ka bari a sare darbejiyar da ke bakin layin, domin inuwarta tana tare wa lambatun rana, kuma za mu roƙi mai gidan ya bar wani sashe na tsakar gidan babu siminti.